Turbo Ba Ya Mutuwa, Kashe Shi Ake Yi

Ɗana, na shiga gareji tun zamanin da Fijo 504 ke sarauta a titunanmu, lokacin da bakanike zai kara kunne jikin inji, ya murɗa sukurun kafireto rabin juyi, mota ta daidaita. Yanzu sai da tabarau nake ganin noti, aikin ƙarfi kuma na bar wa yara. Amma kullum ina zaune bakin rumfa ina kallonku kuna shigowa da motocin da kuka ƙara wa ƙarfi, wata an sauya mata lissafin kwamfuta, wata an buɗe mata salansa, wata an ɗora mata turbo da ya fi na asali girma. Ba na ganin laifinku a kan son gudu da ƙarar inji, mu ma mun yi ƙuruciya. Abin da ke ci mini rai shi ne kuskure iri ɗaya nake gani yana maimaituwa a hannu daban-daban, kuɗin da aka sha wahala aka tara yana tafiya a hayaƙi. Shi ya sa na ce bari in faɗa maka abin da na gani, ko kai mai mota ne ko mai koyon gyara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ga yadda abin yake faruwa. Mota ta rage ja, ko ta fara hayaƙi, ko ta kama wani fito da ba a saba ji ba. Kafin a buɗe bonet an riga an yanke hukunci: "Turbo ya tafi." Sai a nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko a buga waya Ladipo a turo ɗan Beljiyam. A ɗaura, a yi murna kwana goma, sai ciwon ya dawo. Riƙe wannan magana ko da za ka manta sauran: turbo ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi. In ka sa sabo ba ka gano abin da ya kashe tsohon ba, ka kawo wa kura wata akuya ne.

Kafin ka iya gano makashin, sai ka san wanda aka kashe. Ka taɓa tsayawa a maƙera ka ga yaro yana zuga? Gawayin nan ɗaya ne, amma da iska ta shige shi sai wuta ta yi jajir har ƙarfe ya yi laushi. To turbo zugazugin inji ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905. Farfela biyu ce a kan sanda ɗaya wadda kaurinta bai wuce na fensir da yawa ba. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta baya, ta gaba kuma tana zuƙo iska ta cusa wa inji da ƙarfi. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, a gefen hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900 a injin fetur. A yawancin motoci babu abin da ya raba sandar da bushinta sai ɗan shimfiɗin baƙin mai da bai kai kaurin takarda ba. Ka ga ke nan rayuwarsa a hannun mai take da iskar da yake shaƙa da zafin da ake bari ya taru masa. Daƙiƙa kaɗan babu mai, an gama.

Kuma zugazugi ba ya aiki shi kaɗai. Injin fetur yana ƙona kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, in an auna da nauyi, idan kuma turbo ya cika aiki sai ya nemi mai fiye da haka domin ya rage zafin cikin silinda. Duk iskar da ka ƙara, sai an ƙara mata mai. Duk man da aka ƙara, zafi ne da matsi a kan fistin da ringi da gasket. Masu ƙera mota sun bar ɗan sarari tsakanin abin da inji ke yi da abin da zai iya jurewa, saboda sun san za a sha mai marar kyau, za a yi lattin juye, za a bi ƙasa mai zafi. Ranar da ka ɗaga matsin iska daga rabin ba (ma'aunin matsi) zuwa ba guda, sararin nan ka ci. Ƙarfin da ka samu bashi ne, kuma famfon mai da lagireto da kuloci da giya su za su biya. Mota marar gyare-gyare tana yafe sakaci da yawa. Wadda aka ƙara wa ƙarfi ba ta da wannan haƙuri.

Saboda haka idan irin wannan mota ta kawo ƙorafi, kada ka fara da sufana. Fara da tambaya. Me aka taɓa na ƙarshe? Yaushe ciwon ya fara, da sanyin safiya ko bayan ta ɗau zafi? A ina aka sha mai jiya? Ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa amsar tana cikin aikin da aka yi makon jiya: kilif ɗin da ba a ɗaure sosai ba, wayar sensa da aka manta, siririn tiyo da aka juya wa baki. In kana da kayan asali, mayar da su ɗaya bayan ɗaya ka ga inda ciwon zai tsaya. Kada ka yar da kayan asalin motarka, kada ka bari a goge lissafin kwamfutarta na asali ba a ajiye maka kwafi ba. Kuma ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya filta da filogi da lissafin kwamfuta a yini guda, in mota ta fara tari wa zai kama? Sayi ɗan littafi ka ajiye a mota, ka rubuta rana da maleji da abin da aka yi. Littafin nan zai cece ka daga asarar da ba ka zata ba.

Ku kun yi sa'ar da mu ba mu samu ba. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai da kafar da ake jona na'urar bincike, sauran ƙasashe ma suka bi, ga shi yau da wayar hannunka kana iya karanta abin da kwamfutar mota ta gani. Sai dai lambar da na'ura ta nuna maka alama ce, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Lamba P0299 tana cewa matsin iska bai kai yadda kwamfuta ta nema ba. Ba ta ce turbo ya lalace ba. Tana iya zama tiyo ya tsage, ko intakula mai sanyaya iskar turbo ya huje, ko bawul ɗin da ke mayar da iska ya yage, ko ƙofar sakin hayaƙi ta saki, ko salansa ya toshe. Kada ka goge lamba kafin ka rubuta ta, kuma ka koyi kallon alƙaluman da ke motsi mota tana tafiya, ka gwada matsin da aka nema da wanda aka samu. Wani ya tuƙa, kai ka riƙe na'ura.

Wata rana wani saurayi ya shigo mini ya riga ya yi cinikin turbo, ya ba da rabin kuɗi. Na ce ya dakata minti ashirin. Na cire tiyon da ke shiga bakin turbo, na toshe bakin turbon da murfi mai bawul ɗin taya a jiki, na ba shi iskar kwamfuresa kaɗan, kamar rabin ba. Gareji ya yi tsit, sai muka ji wani siririn huci daga ƙasa. Na miƙa wa yaro gorar ruwan sabulu na ce ya fesa a kowace mahaɗa. A cikin babban tiyon da ke fitowa daga intakula, can ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, sai ga kumfa tana tasowa tana fashewa. Wani ƙarfe ne ya daɗe yana gogar wurin, ya yi tsaga da ba ta wuce farce ba. In inji na tsaye bakinta a rufe yake, sai an taka totur take buɗewa. Saurayin ya daɗe a tsugune yana kallon kumfar nan bai ce komai ba. Tiyo ya saya ya tafi. Tun da aka ƙara wa mota matsi, tiyo da kilif ɗin da suka shekara goma sha biyar suna aiki su ne farkon masu gazawa.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato matsi ya wuce kima, abin da na'ura ke nunawa da P0234. Shi ya fi haɗari. A jikin turbo akwai ƙofa da ke buɗewa ta saki hayaƙi ya wuce ta gefe idan matsi ya isa. In ƙofar ta maƙale, ko siririn tiyon da ke ba ta umarni ya cire, turbo zai yi ta zuga babu mai ce masa ya isa. A motocin gas irin su Sharon da Golf masu injin TDI, da yawansu 'yan fikafikai ne a ciki masu buɗewa da rufewa, kuma baƙar toka tana daskarar da su, musamman motar da kullum cikin gari take rarrafe. Alamar ita ce kana hawa tudu ko kana wuce babbar mota sai ƙarfi ya ɗauke ɗif, in ka kashe ka sake tayarwa ya dawo. Kwamfuta ce ta janye ƙarfi domin ta ceci inji. Na ga masu zuwa a rufe wa kwamfutar baki don kada ta ƙara yin haka. Mai gadi ya yi ihu ɓarawo, sai aka kori mai gadin. Wanke fikafikan ake yi, a duba abin da ke motsa su.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, sau da yawa saboda iskar da aka auna ta zube a hanya. Fari mai kauri, mai ɗan ƙamshin zaƙi, wanda ba ya tsayawa bayan inji ya ɗumama, ruwan lagireto ne ke shiga silinda, sai ka tuhumi gasket. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, kuma a nan aka fi zaluntar turbo. Abin da ke tare mai a cikinsa 'yan zobban ƙarfe ne irin ringin fistin, suna aiki ne muddin man da ya shigo ta sama yana samun hanyar gangarawa ta ƙasa ya koma kasko. In bututun komawar ya toshe ko ya lanƙwashe, in an cika mai ya wuce geji, in hanyar numfashin inji ta toshe, ko ringin fistin ya gaji hayaƙi yana hurowa ƙasa, mai zai rasa mafita ya ɓalle ta cikin turbo mai lafiya. Don haka ka auna matsin kowace silinda, ka duba numfashin inji. Sannan, inji a kashe kuma a sanyaye, ka cire tiyo ka kama kan sandar da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin farfela ba ta taɓa bango. In kuwa tana shiga tana fita gaba da baya, ko ka ga inda ta kankare bangon, ko bakin fikafikanta ya ciccinye, to ya tafi da gaske. Daga nan aikinka ya fara: wa ya kashe shi?

Na taɓa karɓar wata mota mai injin fetur na lita 1.8 da aka sa wa turbo uku cikin wata biyar. Mai ita ya zagi mai kaya, ya zagi bakanike, har ya fara zargin hannu aka sa masa. Na ce a sauke kaskon mai na ƙasan inji. Da muka buɗe, abin da ke ciki ya fi kama da kwalta. Rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta ta toshe, in ka ɗaga ta ga rana 'yan huji kaɗan ne haske ke ratsawa. Na kwance siririn bututun da ke kai wa turbo mai, na hura da baki, kumatuna suka kumbura iska ba ta wuce ba. Na yanka shi da zarto, cikinsa ya cushe da gawayi. Duk turbo ukun ƙishirwa ce ta kashe su. Da na bi diddigi, mai motar yana zuba man da ya fi araha, yana wuce lokacin juye, kuma al'adarsa ce ya sheƙo gudu daga Zariya ya tsaya ƙofar gida ya kashe nan take. An yi ta kashe maciji ba a sare kansa ba.

To ka ji ni da kyau a kan baƙin mai. Ka zuba mai kaurin da littafin motar ya faɗa. Tsohuwar al'adarmu ta cewa mai kauri shi ne mai kyau ta zamanin kafireto ce, mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe, lokacin da aka fi bukatarsa. Ka sayi mai a inda ka amince, domin jabu ya yi yawa, araha kuma ba ta ado. Motar da aka ƙara wa ƙarfi, a ƙasa mai ƙura da zafi, a rage mata tazarar juye. In injinka na zamani ne mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, nemi man da aka rubuta wa API SP, ma'aunin da ya fito a 2020, domin an tsara shi ya rage wata muguwar fashewa da ke faruwa in an danne totur inji yana juyi a hankali cikin babbar giya. Kai ma ka daina yin hakan, sauko da giya tukuna. Da safe ka tafi a hankali har inji ya ɗumama kafin ka nemi ƙarfi. In ka yi doguwar tafiya da gudu, sassauta a kilomitocin ƙarshe, ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka zare makulli. In ka kashe da zafinsa, mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a ciki ya soye ya zama gawayin da na gani a bututun nan.

Sai iska. Na san filtar nan mai siffar mazurari tana da kyan gani, tana kuma sa inji ya yi gurnani. Amma ka dube ta inda aka ɗaura ta, tsirara a gefen inji tana shaƙar iska mai zafi, a garin da hunturu ke lulluɓewa da ƙura wata da watanni. Ƙwayar yashi ɗaya ba komai ba ce a tafin hannu, amma ga farfela mai wancan gudu tsakuwa ce. In filtar mai jiƙon mai ce kuma aka cika mata, man yana shafar sensar da ke auna iska, ta fara yi wa kwamfuta ƙarya. Haka bawul ɗin nan mai atishawa da kuke so a ji in kun ɗaga ƙafa. A motar da ke auna iska tun daga bakin filta, iskar da ya fesar waje an riga an lissafa ta an zuba mata mai. Shi ya sa mota ke tari, tana mutuwa a mahaɗar hanya, filogi yana baƙi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Babbar rijiyar da na ga ta fi cinye injuna ita ce lissafin kwamfuta da aka sauko da shi daga intanet. Wanda ya rubuta shi yana Turai, ya rubuta wa motar da ke shan fetur mai lamba 98 a ƙasar sanyi. Fetur ɗin gidajen manmu bai kai nan ba, balle na 'yan bumburutu a galan, kuma ba ka manta gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya kwantar da motoci ba. Ɗora wannan a kan zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, da rana ta kai digiri 40, intakula kansa ya yi zafi. A irin wannan hali fetur yana fashewa da kansa ba a kan tsari ba, sai ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ranar da ka ji ta, ɗaga ƙafarka nan take. Kowace ƙara guduma ce a kan fistin, kuma in salansa a buɗe yake ba lallai ma ka ji ba. In za ka hau Jos, ka tuna garin yana sama da teku da kusan mita 1,200, iska ba ta da kauri, turbo sai ya ƙara gudu kafin ya ba da matsin da ya saba. Lissafin ƙwarai shi ne wanda aka yi wa motarka, da man da kake sha, ana auna iska da mai a hayaƙinta. In lamba P0171 ta fito, tana cewa iska ta fi mai yawa, kada ka ƙara taka motar da ƙarfi sai an duba yoyon iska da famfon mai da filtarsa da nozul. Ƙarancin mai a lokacin matsi shi ke narkar da fistin. In kuma mota tana tsinkewa sai an taka sosai, duba filogi da kwayil, domin matsi mai yawa yana wahalar da tartsatsi, akan rage tazarar bakin filogi a sa mai jure zafi.

Akwai wasu gyare-gyare namu na gida da suka zama kamar farilla: a cire tamostat, a jona fanka kai tsaye, a fasa indomi mai tace hayaƙi a salansa, a cika lagireto da ruwan rijiya. In an cire tamostat, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta zuba mai tana zaton safiya ce, fetur ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, wannan man kuma shi turbo zai sha. Ruwan rijiya yana barin tsatsa da farin gishiri a hanyoyin da ke sanyaya inji, da na turbo in mai shan ruwa ne. In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfi ba ya riƙe matsi, ko gasket ya fara huci. Nemo shi.

Kada ka zaci ni ban taɓa faɗawa ba. Farkon zuwan motocin gas masu turbo hannuna, an kawo mini wata a-kori-kura da turbo ya zubar da mai. Na sa sabo, na ɗaure komai tsaf, ina ji da kaina. Abin da ban yi ba shi ne sauke intakula in wanke, alhali man da tsohon ya zubar yana kwance a cikinsa. Na tayar, na ɗan taka totur. Sai inji ya kama ihu yana ƙaruwa. Na ɗaga ƙafa, bai sauka ba. Na zare makulli, ga shi a hannuna, inji yana ci gaba. Injin gas ba ya bukatar filogi, duk abin da ya samu mai ƙonuwa zai ci, nasa baƙin man yake sha. Farin hayaƙi ya rufe gareji, yara suka watse, ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Wani dattijo mai gyaran manyan motoci a maƙwabtanmu ne ya faɗa ciki, ya danne birki, ya sa babbar giya, ya saki kuloci. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ya fito yana goge hannu ya ce da ni, "Malam, ka yi wa gawa wanka ka bar makara da datti." Injin ya riga ya lalace, daga aljihuna na biya. In hakan ta taɓa faruwa da kai, ka yi yadda dattijon ya yi, ko ka toshe hanyar iska da faffaɗan katako. Kada ka kuskura ka kai tafin hannunka wurin.

Tun daga ranar nake da ƙa'ida, kai ma ka ɗauke ta. Kafin sabon turbo ya hau, a gano abin da ya kashe tsohon. A sauya bututun da ke kawo mai, a tabbatar na komawa a buɗe yake. A juye mai, a sa sabuwar filta ta mai da ta iska. A wanke intakula da duk tiyo, domin ɓarɓashin tsohuwar farfela yana ɓuya a ciki. A ɗura mai ta bakin sabon turbo a juya shi da yatsa, a murza inji ba tare da ya tashi ba har mai ya iso, sannan a tayar a bar shi ya yi 'yan mintuna ba a taɓa totur ba. Kada a shafa gam a mahaɗar bututun mai, guntunsa yana ɓallewa ya toshe hanya. Aikin nan zai ci maka yini guda, amma sannu ba ta hana zuwa.

Saura magana ɗaya da ta fi inji nauyi. In ka ƙara wa mota ƙarfi, ka fara da abin da zai tsayar da ita: birki mai kyau da tayar da ba ta tsufa ba. Gwajin ƙarfi ba a cikin unguwa ake yi ba, ba kuma a ayarin ɗaurin aure ba, inda yara ke tsallaka titi. Inji in ya buga ana sayen wani. Kai kuma da kake koyon sana'ar, ɗana ko 'yata, domin yanzu ina ganin 'yan mata ma da sufana a hannu kuma ina murna, motar mutane amana ce. In ba ka gano ciwo ba, ka ce ba ka gano ba tukuna, ka tambayi wanda ya fi ka, matambayi ba ya ɓata. Kada ka mai da aljihun mai mota wurin gwaji, kana sayen kaya ɗaya bayan ɗaya ko Allah zai sa a dace. In ya nemi ƙarfin da ka san injinsa ba zai ɗauka ba, ka gaya masa gaskiya ko da zai tafi wani wuri. Da yawansu sukan dawo, kuma wanda ya dawo ya zama naka.

A kan kantar da ke bayan kujerata akwai guntun bututun nan da na yanka da zarto, har yau da gawayinsa a ciki. Duk yaron da ya zo koyon aiki, shi nake fara miƙa masa in ce ya hura. In ya hura iska ta ƙi wucewa, sai in tambaye shi: turbo nawa za ka saya kafin ka duba wannan? In ka biyo ta wajenmu, tsaya kai ma ka hura. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a hanya, Ya sa wa sana'arka albarka.